Garwashin Cikin Kwalla

Shekarar da aka hana sare itace, aka raba wa kowane gida garwashin zarra, ɗan abu kamar ƙwayar gero a cikin ƙarfe, mai girkin shekara ashirin. Inna Tabawa ba ta taɓa kunna nata ba. Ta naɗe shi a tsumma ta sa a kwalla, ta ci gaba da hura kara, hayaƙi na cin idanunta. Jikarta Asabe ce ta ajiye wa.

Saura mako bikin Asabe, Inna Tabawa ta kai wa Sagiru mai gyara garwashin ya duba. Ya auna, ya ɗago kai.

"Inna, tun yaushe yake ajiye?"

"Shekara goma sha tara da wata tara, ɗan nan."

"Ai ba hatsi ba ne, Inna. Ko ba a kunna ba, ƙarewa yake. Saura na wata uku."

Ashe shi ya sa kullum kwallar da ɗumi, kyanwa ba ta sauka daga kanta.

"Naɗe min," ta ce. "Ko tuwon amarci Asabe ta tuƙa babu hayaƙi."