Zoben Nozil na Huɗu

Nozil na huɗu, cikin masu fesa wa injin mai, shi ne ke yoyo. Duk bugun da injin ya yi, sai ya feso baƙin gas da hayaƙi ta gindinsa, feshin yana sauka a kan bututun salansa mai zafi. Bun-liong ya yi maza ya kashe injin kafin jirginsu na kamun kifi ya kama da wuta tun bai bar tashar Nanfang'ao ba.

Yayansa Kim-hok, mai jirgin, ya sauko ɗakin inji yana huci. Tarunsa na can cikin teku tun jiya, guguwa kuma na tafe. Da zarar an ɗaga jar tuta a bakin tasha, babu jirgin da zai ƙara fita. So yake ya je ya kwaso tarun kafin nan, ko da kuwa sama za ta faɗo.

Da safe ya jefa 'yan katakon ƙuri'a a gaban gunkin Mazu, uwar masunta, suka kife duka biyun, alamar a'a. Ya sake jefawa, suka sake kifewa. Ya ce tsohuwar wasa take yi. Ma'aikatan jirgin ba wanda ya yi dariya, don kowa ya san taru ne mahaifin su Kim-hok ya bi a irin wannan rana, kuma ko hularsa ba a tsinta ba.

"Mene ne kuma?" in ji Kim-hok.

Bun-liong ya zare nozil ɗin, ya zaƙulo zoben jan ƙarfen da ke toshe gindinsa, ya nuna masa. Zoben ya ƙone, ya tsage ta gefe.

"To sa sabo mana. Akwai guda a gwangwani, da idona na gan shi shekaranjiya."

Bun-liong ya juye gwangwanin a kan tsumma. Notuna ne da ƙusoshi da guntun waya. Babu zobe.

Shekarunsa arba'in da 'yan kai, amma in yayansa ya tsaya masa a ka, har yau tsoronsa yake ji. Kim-hok ne ya raine shi, da duka ya raine shi, kuma ya taɓa karya wa wani matuƙi muƙamuƙi da sifana a kan abin da bai kai wannan ba. Sifanar ma tana nan kusa da ƙafar Kim-hok. Bun-liong ya haɗiye yawu, ya ji ɗacin ƙarfe har maƙogwaro.

Aka tura Ong, tsohon da ke dafa musu abinci, shagon kayan gyara. Ya dawo ya leƙo ta bakin matakalar ɗakin injin ya ce an rufe, har sun buga katako a tagogi.

"Gasa tsohon zoben," in ji Kim-hok. "Ko ka manta yadda Baba yake yi?"

Bun-liong ya riƙe tsohon zoben a wuta har ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa don ya yi laushi. Ya goge mazaunin nozil, ya mayar, ya ɗaure. Sau biyu sifana tana suɓuce masa. Ya tayar da injin. Da farko lafiya lau, har Kim-hok ya juya zai hau sama. Sai fush, fush, feshin ya dawo, ya ma fi na ɗazu.

A waje igiyoyin jiragen sun fara kuka. Jirgin ya gogi bangon tasha, gwangwanin ya gangara.

Ong ya miƙo ƙullin binlang, goron da Bun-liong ke tauna tun daga wayewar gari har kwanciya, wanda ya rina masa haƙora ja. Bun-liong ya girgiza kai.

"Lallai yau ana yi," in ji Ong. "Akuya ta ƙi dusa."

Kim-hok bai yi dariya ba. Ya zuba wa ƙanensa ido, irin kallon da yake wa kifin da bai yarda da ƙamshinsa ba.

"Juye aljihunka."

Bun-liong ya juye. Ashana, makulli, tsumma.

"Cire takalmin."

Ya cire, ya zazzage. Kim-hok ya lalube masa ƙugu da naɗin hannun riga, bai sami komai ba. Sai ya damƙe masa haɓa da hannu ɗaya, ya ɗago fuskarsa har numfashinsu yana haɗuwa.

"Tun safe ba ka ce uffan ba. Kurma ka zama ne, ko rainin ne ya kai haka?"

Yatsun suna nutsewa cikin kumatunsa. Bun-liong ya datse haƙora, ya runtse ido, yana jiran saukar sifana. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka zo gida da labarin Baba.

Jiniya ce ta raba su. Ta yi doguwar ƙara daga bakin tasha, Ong ya ce daga sama, "Sun ɗaga tuta, maigida."

Kim-hok ya sake shi. Ya shuri gwangwanin, ya zagi injin, ya zagi uwar injin, ya ce wa ƙanensa daga yau ya nemi wani jirgin. Ya haura, ana jin takunsa har ya sauka a kan gadar tasha. Ba a jima ba ruwa ya kece, iska ta fara jifan tasha da duk abin da ba a ɗaure ba. Can bayan katangar tasha, inda da yanzu suke, teku ta zama fari fat.

Bun-liong ya zauna a kan injin da ya huce, babu aiki, babu ɗan'uwan da zai yi masa magana nan da shekara. Ya leƙa matakala ya tabbatar ba kowa. Sannan ya sunkuyar da kai, ya tofa abin da ke ƙarƙashin harshensa tun safe a tafin hannunsa: sabon zoben jan ƙarfe, ko ƙwarzane babu.