Jan Ɗigo daga Ngueli

Ɗigo ɗaya ne ya ƙi shiga cikin 'yan'uwansa.

A ofishin da Abdussamad ke aiki a unguwar Klémat, kwamfuta ce ke tace amsoshin binciken lafiyar mata. Tana tara masu kama da juna wuri guda: waɗanda suka haihu suka shayar tsibi ɗaya, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba wani tsibin. Wadda ta faɗo tsakani ita kaɗai sai a ɗiga mata ja, alamar kuskure.

Mai jan ɗigon yau takardar wata dattijuwa ce daga unguwar Ngueli. Haihuwa: babu. Shayarwa: shekara biyu.

"Azumi mai zaga gidaje ce ta cike wannan," in ji Mustafa, shugabansu. "A ɗaki ta zauna ta ƙaga abinta. In ba a tabbatar ba kafin la'asar, a bakin aikinta."

Abdussamad ya karanta lambar gidan sau ɗaya. Bai ji komai a ransa ba. Ya ninke takardar, ya hau babur. Bai tambayi kowa hanya ba.

Ya tarar da dattijuwar, Hajjo, a tsakar gida tana tsintar gero. Ta amsa sallama ba ta ɗaga kai ba.

"Daga wurin aiki aka turo ni, Hajjo. Sau nawa kika haihu?"

"Na faɗa wa yarinyar nan taku. Babu."

"Amma kin shayar."

"Shekara biyu cur."

"Wa kika shayar?"

Ta hure ƙaiƙayi daga faifai.

"Boko bai koya muku magana da manya ba. In ka gama, ga fura can a ƙwarya."

Ba ƙarya Hajjo ta yi ba. Macen da ta sami tarbiyya irin ta da ba ta lissafa ɗan fari, ba ta kiran sunansa. Kunya ke nan, kuma kwamfuta ba ta san kunya ba.

Ya rubuta cewa abin da aka faɗa wa Azumi ta cike, ba ta da laifi. Ya sa hannu. "Babu" ɗin nan kuwa ya bar shi yadda yake.

A zaure ya ɗan dakata, ko za a kira shi. Shiru. Ya fita, kamar yadda ya saba fita daga gidan nan shekara talatin da huɗu: shi ne wanda ta shayar, kuma daga kansa ba ta sake haihuwa ba.