Littafin da Aka Tsinta a Gafakar Malam

Marin da Mu'azu ya zabga wa Kamilu sai da ya haɗa kansa da garun zaure. Jini ya ɓalle masa ta hanci.

"Kai ka ba ƙanwata littafin soyayya? Ta ɓoye shi cikin gafakar mahaifinmu, yau Malam ya zaro shi gaban ɗalibai zai ba da karatu!"

Kamilu manomin shinkafa ne a Gummi, duk littafin da ya yi masa daɗi sai ya kawo wa Khairiyya, ƙanwar Mu'azu, aro. Ya share jinin, bai rama ba.

"Ni na ba ta. Wanga ya fi duk na baya, kai ma da za ka karanta..."

Mu'azu ya kai masa naushi a baki, ya yayyaga littafin, ya watsa masa a fuska.

Khairiyya ta fito ko takalmi babu. Ta durƙusa tana tona takardun har ta samo shafin ƙarshe, inda Kamilu ya rubuta da biro: "Za ki aure ni?" Ta dubi leɓensa da ya fashe, ta ninke shafin ta damƙe a hannu.

"Yaya, ka makara, tun jiya na karance shi. Malam Kamilu, ka turo magabatanka."