Gurbin Baƙuwa

Fiddausi ta cusa takalman kambas can ƙasan jaka, ta danne su da littafin Nahawu, ta zura abaya a kan wandon wasa. Wanda ya gan ta a lokacin sai ya rantse wa'azi za ta je yi.

"Ina zuwa kuma ranar Juma'a?" Hajiya Mahasin ta tambaya daga kicin.

"Muraja'a, Hajiya. Jarrabawa ta matso."

"Tamam. Allah ya buɗe ƙwaƙwalwa."

Hajiya Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, doguwar dattijuwa mai ɗan ɗingishi, tana da gida a unguwar Dokki a ƙasar Masar. A hannunta Alhaji, mahaifin Fiddausi, ya damƙa 'yarsa da ya kawo ta karatu daga Gusau. Sharaɗinsa ɗaya ne. Ranar da aka bugo masa waya cewa an gan ta tana wani abu ba karatu ba, ranar za ta tattara kayanta ta koma gida, ko da ana gobe za ta gama. Alhaji kuwa ba ya maimaita magana.

Matsalar ita ce ƙwallon raga a jinin Fiddausi yake tun tana sakandare. Wata rana a tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, wata 'yar Filifin mai suna Luz ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta tambaye ta ko tana bugawa. Da ta ce a'a, da yanzu tana zamanta lafiya. Bakin nan nata bai ce a'a ba.

A wurin Luz ta ji tarihin gasar. Shekaru da dama baya, kewar gida ta ishi matan Filifin masu aiki a gidaje da ofisoshin unguwar Ma'adi, don a ƙasarsu kamfanoni ne ke riƙe da kulob-kulob na ƙwallon raga. Suka ce su ma sai sun yi nasu. Kamfanin aika kaya ya ɗinka wa wasu riguna, wani gidan abinci ya ɗauki wasu, shagon gyaran gashi ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Ranar wasan farko aka ɗaure raga da igiyar shanya, sai 'yan kamfanin aika kaya suka duba suka ga saura mutum ɗaya su cika. Wata mai wucewa ta ajiye kwandon cefanenta ta cike musu, ta yi ta zabga ƙwallo har masu gyaran gashi suka roƙi a tashi haka nan.

Tun daga ranar kowane kulob yake da gurbi ɗaya na baƙuwa. Ita kuma mai kwandon aka naɗa ta uwar gasa. Sabuwar baƙuwa ba ta taɓa ƙwallo sai ta sunkuya ta kama hannunta ta ɗora a goshi, yadda suke gaida manya a can.

Bana Fiddausi ce ta samu gurbin a kulob ɗin su Luz, ta yi makonni tana atisaye a ɓoye. Takan dawo hannuwa sun yi jawur, ta ce ƙofar metro ce ta matse ta. Hajiya ba ta taɓa jan zancen ba. Sai dai ta miƙo mata ƙanƙara a tsumma, ta zuba mata kazar nan da take dafawa da khal, ruwan tsamin nan, da tafarnuwa, wadda ba girkin Sudan ba ce ba kuma na Masar ba. Kirkin nan ya fi faɗa damun Fiddausi, domin tana son tsohuwar, kuma tana jin kunyar ƙaryar da take sharara mata.

Yau ne ranar buɗe gasa. Ta shiga taragon mata na metro tana murmushi ita kaɗai, sai ta hango wata doguwa a can ƙarshe cikin laffaya ta fita kunya. Ta ƙara dubawa. Hajiya ce.

Ta sauka a tashar Sadat ta canja layi. Hajiya ma ta canja. Shi ke nan, an biyo sawunta. Ta fara hango kanta a filin jirgi da akwati, shekarun karatu sun tashi a banza saboda ƙwallo. Jirgin na tsayawa a Darus Salam ta sulale ta fice, ta faɗa ƙaramar motar haya ta makrobas, ta lafe a kujerar baya tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ta isa filin a makare, gumi sharkaf, amma zuciyarta fes, ta kuɓuta. Ana ta kiɗa, ga tukwanen taliya a jere, kowane kulob da kalar rigarsa.

"Yalla, yalla, ke ake jira!" Luz ta fizgi hannunta.

Wayoyi suka yi sama ana ɗaukar hoto. Fiddausi ta ja hijabi ta duƙar da kai, kada wani hoton ya yi tafiya har Gusau. A haka aka tura ta gaban kujerar uwar gasa, ba ta ganin komai sai ƙasa. Ta lalubi hannun, ta ɗora a goshi, filin ya ɗauki tafi da guɗa irin tasu. Ta yi ƙoƙarin janyewa, hannun ya riƙe ta gam.

Uwar gasa ta sunkuyo daidai kunnenta, kuma da Hausa ta yi magana.

"Alhaji ki bar ni da shi, ya bitti, 'yata, amma in kika zubar mini da ƙwallon farko a filina, wallahi yau ba ki da abincin dare," in ji Hajiya Mahasin.