Mai Aiki da Batir

Wata biyu Lawwali yana jiran Rabi ta ce ta yarda da aurensa, sai ga ta a shagonsa na kasuwar Yelwa, ta zo zaɓen kayan ɗaki. Nan da nan ya kunna mata talabijin da bidiyo, ya jona lasifika biyu, yana yabon sauti da hasken hoto.

Ba ta ɗago kai ba. "Wagga sai da lantarki. Mai aiki da batirin mota nika so."

Gidan Lawwali akwai wuta. Ƙauyen Hamisu, masuncin da ke nemanta can bayan Warra, shi ne babu.

Bai ji komai ba, ko zafi. Ya sauko da wata ƙaramar talabijin mai batir, ya goge ta da hannun riga.

"Ki riƙa rufe ta da zane," in ji shi. "Danshin bakin ruwa na ɓata su."