Babba Ya Yanka, Ƙarami Ya Zaɓa

Ka ce kana jira ɗan'uwanka ya fara nemanka, tunda kai ne babba. To, gyara zama ka ji labarin wani manomi.

A gidan su manomin nan akwai wata al'ada da suka gada. Idan an yi layya ba a taɓa jelar rago. Sai a shafe ta da gishiri a rataye a saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukanta har sabuwar shekara ta kama, cika-ciki ya zo, ranar da ake so kowa ya ci ya ƙoshi don ya shiga shekara ba da yunwa ba. Ran nan ake sauke jela a dafa, mahaifinsu ya ajiye ta gaban 'ya'yansa maza biyu da doka guda: babba ya yanka, ƙarami ya zaɓa. Manomin shi ne babba. Duk yadda ya ƙura ido ya daidaita wuƙa, sai ɓangare ɗaya ya ɗara, autan kuwa bai taɓa kuskuren ɗaukar ƙaramin ba. Haka suka girma, ana yanka, ana zaɓa, ana mita.

Bayan rasuwar mahaifinsu, autan ya ce zai sayar da gonarsa ta gado ya tafi birni. Yayan ya yi lallashi, ya yi faɗa, da abin ya gagara sai ya ce masa in ya sayar kada ya sake taka ƙofar gidan. Ya sayar, ya tafi. Fushin manomin ko kaka bai kai ba ya huce, amma bakin da ya furta maganar ya ƙi janye ta. Ana nan sai wani ɗan garinsu mai kai awaki birni ya dawo da labari, wai ya hango autan a ƙofar wani gidan bene yana jingine da mota mai ƙyalli. Manomin ya ce a ransa shi ke nan, yaro ya samu duniya ya manta da mutane. Duk da haka kowace shekara yakan sauke jela, matarsa ta dafa, ya raba ta biyu, sannan ya zauna yana kallon akushi. Babu mai zaɓa. Sai ya tura wa yara, ya ce wai kitse ya daina karɓarsa. Ranar da duk gari ke ƙoshi, shi da ƙyar yake haɗiye loma, don kewar ƙaninsa ce ke cin sa.

Wata shekara, ana gab da cika-ciki, aka binne wani sa'ansa wanda ya rasu ba ya magana da ƙanwarsa. Manomin ya ga yadda matar ta iso bayan an dawo daga maƙabarta, tana neman wanda za ta ce wa ya yafe mata ba ta samu ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ranar cika-ciki da sassafe ya sauke jela, ya naɗe ta a tsumma, ya tura cikin buhun gero, ya shiga motar kasuwa. Duk hanya abu ɗaya yake tsoro, kada mai gidan bene ya leƙo ya gan shi da jela mai warin hayaƙi, ya ce wa maigadi ya sallame shi.

Da kwatancen mai awaki ya yi ta tambaya har ya samu gidan. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe yana shirya abin da zai gaya wa maigadi. Da aka buɗe, sai ya ga autan ne maigadin, ya rame, furfura ta fito masa a gemu, yana riƙe da tsumman wanke mota. Ashe abin da gonar ta kawo ya daɗe da narkewa. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan gidan, shi da matarsa da 'ya'yansu. Rabonsa da layya tun barinsa gida, yaran ba su ma san ana ajiye jela ba, a kan murhu kuwa wake ne kawai ke tafasa.

Autan ya durƙusa ya ce, "Yaya, kai ka ce kada in sake taka ƙofar. Ni kuma ba ni da abin da zan dawo da shi in nuna."

Shekara da shekaru manomin yana zargin yaron da girman kai, ashe kunya ce ta tsare shi, girman kan kuwa yana can gida tare da mai zargin. Sai ya kwance buhu ya miƙa wa matar ƙanin nasa jela.

Da ta nuna aka kawo ta a kwano, yara suka kewaye suna leƙe. Manomin ya ƙura ido ya yanka, kuma kamar kullum ɓangare ɗaya ya ɗara. Ya tura kwanon ya ce, "Zaɓi." Autan ya miƙa hannu ya nufi ƙaramin. Yayan ya riƙe masa hannu, ya juya kwanon.

"Tun yaushe, Auta? Ɗauki naka."

Autan ya ɗauki babban yana share hawaye da bakin riga. Ran nan, da wake da guntuwar jela, manomin ya ci ya ƙoshi, abin da ya daɗe bai yi ba a gidansa mai rumbu cike.

To, ka ji. Da ya ci gaba da zama yana jiran a zo a gaishe da babba, da har yau yana yanka babu mai zaɓa. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake.