Sanda ta Goma Sha Biyar

Sau uku Ylva tana ƙirga sandunan da ke cikin jakar, sau uku suna cika goma sha biyar. Goma sha huɗu doka ta yarda ɗan wasan golf ya ɗauka. Ita ta shirya jakar da safe, ita ta mance sandar gwaji a ciki.

Rami ɗaya ya rage a wasan ƙarshe na bana. Saurayinta Joakim, wanda ta yi wata bakwai tana saɓa wa jaka a filayen Suwidin, shi ke kan gaba da bugu biyu. In ya ƙare a haka, ya haye babbar gasa. Kuma ba wanda ya lura da ƙarin sandar sai ita.

Ya miƙo hannu, ta ƙi ba shi sanda.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Sha biyar ne, Joakim. Laifina ne."

Ya dubi jakar, ya dubi alƙalin wasa da ke tsaye can nesa, ya dawo da ido kanta. In ya ce ta ja bakinta ta yi shiru, ba za ta iya zama da shi ba. In ya faɗa wa alƙalin, horon bugu huɗu ne, wahalar shekara ta tashi a banza, kuma ita ce sila.

Ya ɗaga hannu ya yafito alƙalin.

"Ka nemi wani mai ɗaukar jaka," ta ce, hawaye na zuba.

"Zan nema, don ba ki iya ƙirga ba." Ya juyo gare ta. "Amma matar aure kam, na gama nema."